Ƙasar da Ba Ta Kwana Ba

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, ba ku da ta ido. Yaro ya yi wata uku a gindin mai sana'a, bai gama sanin sunayen kayan aiki ba, sai ka ji ya kafa rumfarsa yana cewa tsoho ya cika jan rai. Wanda ya kama hannunku ya ɗora a kan aiki, shi ne yau kuke wucewa ta gabansa ko rusunawa ba ku yi. To, ku buɗe kunne da kyau, domin wanda ya fi ku hannu nesa ba kusa ba ya taɓa yin haka, kuma ya ga abin da ya gani.

An yi wani sarki a birnin Garun Maje, mai son gine-gine, mai kyauta, mai son a ce ya yi adalci, amma Allah ya jarrabe shi da ƙarancin haƙuri: abin da ya so da hantsi, so yake ya gan shi kafin la'asar. Sarkin Maginansa wani tsoho ne da ake kira Tunau, wanda rabin sorayen birnin suka fito daga hannunsa, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya ya tsage ba.

Maginan garin suna da wata al'ada da suka gada. Mai koyo ba ya hawa kan bango. Aikinsa a ƙasa yake: ya haƙo jar ƙasa a kududdufi, ya zuba mata ruwa da ciyawa da kashin doki, ya taka ta da ƙafa, ya bar ta tana kwana tana ruɓewa, ya dunƙula tubali, ya jefa wa magini a sama. Ba zai hau ba sai ranar da malaminsa ya riƙe masa tsani da hannunsa a gaban magina ya ce masa, "Hau." Wannan shi ne yaye a wurinsu. Kalmar kuwa tana da nauyi, domin ginin farko na wanda aka yaye a wuyan malaminsa yake. In ɗalibi ya gina yadda aka koya masa ginin ya faɗi, malamin ake kamawa, in kuma an yi asarar rai, da ransa zai biya. Shi ya sa tsofaffi ba sa gaggawar faɗinta.

A cikin masu koyo a wurin Tunau akwai Jatau, ɗan wani amininsa da ya rasu. Shekara goma sha biyu ya yi a hannunsa. Tunau bai ɓoye masa komai ba. A bayan gidansa akwai wani kango inda yake sa shi ya ɗaure ƙananan bakuna da azara, irin masu riƙe rufin soro, ya rushe, ya sake, har ya zama Jatau yana iya gane azarar kirki da ƙarar da take yi in an ƙwanƙwasa ta. Zanen bango kuwa, wannan baiwa ce daga Allah. In ya zana ƙofar ɗaki, mata masu zuwa rijiya sukan tsaya da tulu a ka suna kallo.

Abin da ke cin ransa shi ne, an yaye waɗanda ba su kai shi ba a gidajen wasu magina, shi kuwa yana nan da taɓo har gwiwa, ga shi har ya yi aure. Wata rana ya kasa daurewa, ya ce, "Baba, don Allah me ya rage mini?"

Tunau ya ce, "Babu abin da ban zuba maka ba, ɗana. Hannunka ma ya fi nawa. Jira ne ba ka iya ba, shi kuwa ba a zuba wa mutum shi, sai dai ya tsiro."

Jatau ya sunkuyar da kai, amma a zuciyarsa cewa ya yi, tsohon nan tsoro yake ji kada in shafe sunansa.

Ana nan sai sarki ya so a gina masa babban zaure a ƙofar fada, inda masu ƙara za su riƙa zama suna jiran shari'a. Aka kira Tunau, Jatau na biye da shi riƙe da buzunsa. Sarki ya ce, "Sarkin Magina, yaushe za a gama?"

Tunau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sai ƙasa ta yarda."

Sarki ya ɓata rai. "Ƙasa nake tambaya ko kai?"

Kafin tsoho ya buɗe baki, Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, in aka ba bawanka aikin nan, kafin ruwan farko sarki zai zauna a ciki."

Sarki ya taɓa ganin zanen Jatau a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya kuma yaba. Sai ya dubi Tunau ya ce, "Wannan ya isa yaye?"

Jatau ya ɗaga ido ya kalli malaminsa, ya kafe shi da kallo. Ya san tsohon ciki da bai. Ya san ba zai iya cewa a'a a gaban fadawa ya karya ɗan amininsa har abada ba. Tunau ya ce, "Hannunsa ya isa, ranka ya daɗe."

"To, ka yaye shi gobe."

Washegari magina suka taru, Tunau ya riƙe tsani, ya ce, "Hau." Jatau ya hau, bai ko waiwayo ba.

Da ya zauna ya auna aikin da kwanakin da suka rage, sai ya ga ya ɗebo da zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ya ce zai fafe. Ya sallami mutanen Tunau duka don kada su sa masa ido, ya kawo leburori daga ƙauye waɗanda ba su san komai ba sai taka ƙasa. Ƙasar da ya kamata ta kwana goma sha biyu tana ruɓewa ana juya ta, da hantsi ake taka ta, da azahar tana sama. Azara kuwa duk wadda aka kawo ya karɓa, har da ɗanya mai fari-fari da ba ta gama bushewa ba. Wajen ɗaurin baka, inda ake jera azara hawa-hawa ana barin kowane jeri ya bushe kafin a ɗora wani, shi jeri biyu yake ɗorawa a yini. Ya sani sarai. Duk lokacin da zuciyarsa ta tsinke sai ya ce mata, ai zafin rana zai ƙarasa abin da ya rage.

Wata rana da la'asar Tunau ya zo yana dogara sanda. Ya zaga ginin, ya danna babban yatsansa a jikin bango, yatsan ya shige. Bai yi magana a gaban leburori ba. Ya ja Jatau gefe, ya rage murya.

"Ɗana, ƙasar nan ba ta kwana ba."

"Ta kwana, Baba."

"Ni za ka gaya wa? Ka je ka faɗi gaban sarki ka ce ka yi kuskuren alkawari. Zai yi faɗa, faɗa ba ya kisa. Ni zan raka ka."

Jatau ya yi wata 'yar dariya. "Baba, ku a zamaninku da jira aka yi gini, mu da basira muke yi. Ka riga ka ce hau, ai ba za ka ce sauko ba. Je ka huta, rana ta yi maka yawa." Ya juya ya daka wa mai jifan tubali tsawa, ya bar tsoho a tsaye.

Aka gama zaure saura kwana tara ruwa ya sauka. Jatau ya lulluɓe shi da zane ciki da waje, irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka don kallo. Sarki ya ji daɗi, ya ce Tunau ya tsufa ya huta, ya naɗa wa Jatau rawanin Sarkin Magina.

Ruwan farko ya zo ya wuce, na biyu ma haka. Na uku ya sauko ranar kasuwa bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka ruga cikin zauren don su fake. Ba a daɗe ba aka ji wata ƙara kamar an karya babban reshe, bakan tsakiya ya sauko da rufin gaba ɗaya. Mutum huɗu suka mutu: manoma biyu da suka zo ƙarar iyakar gona, da wata mai tallan fura da ake kira Tabawa, da jaririn da ke goye a bayanta. Jatau yana tsaye cikin ruwa aka zaro su. Ya ga mijin Tabawa yana tonon taɓo da hannu yana kiran sunanta, ya kawar da kai.

Washegari aka tara fada. Sarki idonsa ja wur, ya ce, "Jatau, yaya ka gina zauren nan?"

Duk hanya Jatau yana gaya wa kansa zai faɗi gaskiya. Da ya ga hauni a tsaye da takobi, sai bakinsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yadda aka koya mini na gina. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Sarki ya juya ga Tunau. "Kai fa, me za ka ce?"

Tsoho ya dubi Jatau sau ɗaya, ya mai da idonsa ƙasa. "Ni na ce masa hau, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan maganarka?"

"Shi ke nan."

Sarki ya ce a tafi da shi a cika al'ada. Sai wazirinsa, wani dattijo malami mai suna Ukashatu, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki imani. Jini huɗu ya zuba jiya, kuma haƙƙinsu yana kanmu, amma idan muka ƙara na biyar bisa kuskure, ba mu biya huɗun ba, mun dai zama masu laifi biyu. Wanda aka tsare ana iya sakinsa, wanda aka kashe kuwa sai a Lahira."

Sarki ya ce, "Waziri, ɗaya ya yi magana, ɗaya ya yi shiru, bangon da zai raba su ya koma taɓo. Magina ba sa shaida a kan junansu. Ta ina za ka gane koyarwa ce ta ɓaci ko aiki?"

"A ba ni zuwa tsakiyar daminar baɗi."

"Na ba ka. Amma tsoho yana cikin mari har ranar. In ka zo hannu wofi, kansa zai tafi, rawaninka ya bi shi."

Aka sa wa Tunau mari a ƙafa aka kai shi kurkuku, ɗaki mai laima, a tsakiyar damina. Waziri ya roƙa a bar shi ya tsare shi a gidansa, sarki ya ƙi. Jatau ya koma gida da rawaninsa, yana jiran ranar da za a zo yi masa tambayoyi. Damina ta wuce, ba wanda ya zo. Har ya fara cin tuwo da daɗi.

Bayan kaka waziri ya aika a kira shi. Ya tarbe shi da fara'a, ya ce, "Sarkin Magina, bai kamata mai rawani ya zauna a ɗakin kara ba. Sarki ya ba ka fili a gabas da masallaci. Ka gina wa kanka soro mai baka, wanda ya dace da sarautarka, ka tare da iyalinka kafin ruwa. Leburori ma ba sai ka nema ba, na sa an kirawo maka na bara, tun da kun saba."

Jatau ya yi godiya har ƙasa. Ya fito yana cewa a ransa, ashe an gama da maganar.

Ya gaya wa matarsa Hansai, wadda ke da ciki a lokacin. Ba ta yi guɗa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Maigida, na kai wa Baba kunu jiya. Ƙafarsa ta kumbura, marin ya shige cikin nama. Tari yake kamar ƙirjinsa zai fashe."

"Wa ya aike ki?"

"Ai shi ya tsaya maka a matsayin uba ranar aurenmu. Ya ma tambaye ni ko kana cin abinci." Ta ɗago kai. "Soron da za ka gina mana, irin wancan ne?"

"Rufe mini baki!"

Ta rufe. Amma tambayar ta bi shi har bakin kududdufi. Da leburori suka taka ƙasar farko suka fara ɗiba za su kai gindin bango, sai ya ji kansa yana cewa, "Ku ajiye! Wa ya ce ku taɓa? Ku rufe ta da ciyawa, gobe a juya." Kwana goma sha biyu ana ba ta ruwa ana juyawa, har ta yi baƙi-baƙi tana wari, sannan ya yarda. Azara kuwa ɗaya bayan ɗaya ya bi yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, ya mai da fiye da rabi. Da aka zo ɗaurin baka, jeri ɗaya yake ɗorawa, ya yaɓe, ya sauko ya zauna kwana huɗu yana kallonsa. Bai tambayi kowa ba. Ba ya bukata, komai yana cikin hannunsa.

Waziri yakan biyo ta wurin in ya fito daga masallaci, ya zauna a kan wani dutse yana cin goro kamar mai neman hira. Wata rana ya nuna tarin azarar da aka ware, ya ce, "Sarkin Magina, ni jahili ne a wannan fanni. Waɗannan me suka yi aka kore su? Ni a idona duk itace ne."

Jatau ya ji daɗin a ce malami kamar waziri yana tambayarsa. Ya ɗauko guda biyu ya ƙwanƙwasa. "Allah ya gafarta malam, ji wannan, ji wannan. Ta farko tsohuwar giginya ce, ta bushe har zuci. Ta biyu da ruwa a cikinta. In ka rufe ta da ƙasa za ta ruɓe a ɓoye, ranar da rufi ya sha ruwa ya yi nauyi sai ta sake shi. Baba yakan ce…" Sai ya ajiye azarar.

"Me yakan ce?"

"Na manta, ranka ya daɗe."

Wani dattijo cikin leburorin, mai suna Nomau, yana jingine da fartanyarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai bana mun ga ikon Allah. Bara da hantsi muke taka ƙasa, da azahar tana sama. Bana kuwa ta zama amarya, sai ta yi kwana goma sha biyu a lalle kafin a kai ta ɗaki."

Leburori suka fashe da dariya, waziri ma ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Jatau ya yi yaƙe. Wani abu ya taɓa zuciyarsa, amma ya ce ai zancen ƙauyawa ne, wa zai ɗauka.

Soron bai kai rabin zauren sarki ba, amma ya ci kwanaki fiye da shi. Suka tare ana saura kwana kaɗan ruwa. Damina ta sauka da ƙarfi, aka yi ruwa bakwai manya, ko ɗigo bai shiga ba. A cikinsa Hansai ta haihu.

Kwana uku bayan suna, dogari ya zo ya ce sarki na kira. Jatau ya tarar da fada cike, leburorinsa a zaune gefe guda, mijin Tabawa da 'ya'yan manoman nan a ɗaya gefen. Aka shigo da Tunau a kan wani asabari, mutum biyu na ɗauke da shi, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Da Jatau ya gan shi bai gane shi ba da farko.

Waziri ya ce, "Sarkin Magina, soronka lafiya?"

"Lafiya lau, albarkacin sarki."

"Madalla. Malamai nawa suka koya maka gini?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"Tun da aka sa shi a mari, ka je wurinsa?"

"Ban je ba."

"Ka tambayi wani magini, a garin nan ko a wani gari?"

Jatau ya ɗaga kai da ɗan alfahari. "Ban tambayi kowa ba."

Waziri ya sa Nomau ya faɗi yadda aka yi aikin bara da yadda aka yi na bana, ƙasa da azara da ɗaurin baka. Nomau ya faɗa tiryan-tiryan, sauran suka ce haka ne. Sannan waziri ya juya ga sarki.

"Allah ya ba ka nasara, mutumin da aka koya wa hanyar banza, ita kaɗai ya sani. In aka ce ya gina ɗakin da matarsa da ɗansa za su kwana, ko dai ya maimaita ta, ko ya ji tsoro ya nemi wanda zai gyara masa. Wannan bai maimaita ba, bai ji tsoro ba, bai tambaya ba. Malaminsa yana cikin mari, shi kuwa ya fito da hanyar ƙwarai cikakkiya, ba ta rasa komai ba. A ina ya samo ta, in ba tana wurinsa tun farko ba? Da kan talakawan sarki ne a ƙarƙashi, ƙasa ba ta kwana ba. Da kan ɗansa ne, ta kwana goma sha biyu."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jatau ya kifa fuskarsa a ƙasa, rawanin ya warware ya faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Waziri bai tsaya nan ba. Ya dubi tsoho ya ce, "Tunau, koyarwarka ta fita, amma kai ma ba ka fita sarai ba. Ka ce hau alhali zuciyarka tana cewa a'a, ka ga bango ɗanye ka yi shiru don kada ɗanka ya ji kunya. Kunyar nan mutum huɗu ta ci."

Tunau ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Gaskiya ne. Shi ya sa ban yi gardamar marin ba."

"Saura mutum ɗaya," in ji waziri, "in sarki ya ba ni aminci."

"Na ba ka."

"Wanda ya tambayi malami a gaban fada ko ɗalibinsa ya isa, bai bar masa ƙofar cewa a'a ba. Wanda kuma aka ce masa sai ƙasa ta yarda ya ɓata rai, ya koya wa matasa cewa alkawarin ƙarya ya fi gaskiya kasuwa a fada."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya daɗe yana kallon ƙafafun Tunau. Sannan ya ce, "Ka faɗi gaskiya, Waziri, kuma ta yi ɗaci. Sarkin da ya gaggauta wa mai sana'a ya sa hannu a ɓarnarsa, wanda ya gaggauta hukunci kuwa ya fi shi laifi, domin adalci ba ya nuna a yini ɗaya." Ya tuɓe alkyabbar da ke jikinsa ya sa aka yafa wa waziri. Ya ce a cire marin nan take. Ya ɗauki ciyar da iyalan mamatan a kansa. Ya kuma yi doka a kan magina da maƙera da marina da dukawa da masaƙa: tsohon da ke koyar da sana'a, hatsinsa daga rumbun sarki zai fito, don ya samu sukunin zama da masu koyo, ba a ƙara yin maganar yaye a fada, sai tsakanin masu sana'a, wanda aka yaye kuma, malaminsa zai zauna a gindin aikinsa na farko daga tushe har ƙarshe, ɗalibin ba shi da ikon korarsa.

Sannan ya dubi Jatau, ya kira hauni.

Tunau ya yunƙura a kan asabarinsa. "Allah ya ba ka nasara, ina roƙo. Shekara goma sha biyu na zuba a hannun nan, ba ni da wasu sha biyun. In aka kashe shi, da ni da shi aka binne. A ba ni shi."

Sarki ya tambayi masu jini. Mijin Tabawa ya ce, "Kansa ba zai dawo mini da ita ba. Amma kada in ƙara ɗaga ido in gan shi a sama."

Sarki ya ce, "To, ga hukunci. Soron da ya gina, kai da marayun nan za ku zauna a ciki. Shi kuwa ya sauko daga bango ya koma kududdufi. Ba zai ƙara taka tsani ba sai Tunau da bakinsa ya sake ce masa hau, ba wani ba."

Aka mai da Tunau gidansa. Kullum Jatau yakan taka ƙasa tun safe, da la'asar ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar tsoho da taɓo a ƙafa. Ya nemi gafara, tsoho ya ce ya yafe. Amma ɗaya kalmar ba ta fito ba. Da Jatau ya ga jikin yana ƙara tafiya, sai tsoro ya kama shi, ya matsa kusa ya ce, "Baba, ka tausaya mini. In ka tafi ba ka faɗa ba, na shiga uku. Ko daga kwance ne, a kira magina."

Tunau ya buɗe ido ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya ce, "Har yanzu sauri kake." Ya yi tari, ya huta, sannan ya ce, "Ƙasar da ka kwaɓa jiya, ka juya ta?"

"Ban juya ba, Baba."

"Je ka juya."

Ya tafi juyawa. Yana cikin ramin aka zo aka gaya masa tsoho ya cika.

Ya kai kuka wurin magina, suka ce ba mai riƙe tsanin da wani ya ajiye. Ya kai wurin waziri, waziri ya ce hukuncin ba nasa ba ne. Sarki ya ce bakin da ya ɗaure ya ambaci mutum ɗaya, mutumin kuwa yana kabari. Da sarkin ya rasu, magajinsa ya ce ba zai kwance abin da ubansa ya ɗaure a kan jini ba.

Shekara talatin da ɗaya Jatau ya yi a kududdufi. Yaran da aka haifa bayan faɗuwar zauren suka girma, aka yaye su, suka hau bango suna ce masa, "Tsoho, jefo tubali!" yana jefawa. Yakan ga an karkata zane a sama, hannunsa ya riƙa motsi shi kaɗai, ba shi da ikon hawa ya gyara. Ɗansa da ya isa koyon sana'a ya ƙi gini, ya bi fatake, bai dawo ba. Ƙafafunsa suka tsattsage har ba sa shiga takalmi, bayansa ya tanƙware. Wata ranar bazara leburori suka ga bai fito cin abinci ba, suka leƙa ramin, suka same shi a kife a kan ƙasar da yake takawa. Mutum shida ne suka bi gawarsa.